DARASI: WA KE ZAƁEN ƊAN KWANGILA? ABIN LURA DAGA BIRNIN SABHA

 Darasinmu na wannan fitowa ya ɗan kauce wa farashin shanu, amma kada wani ya ce bai shafe shi ba. Katangar kara, da wurin lodi, da kwata, da rijiyar burtsatse, da kwalbatin da tirela ke takawa kafin ta hau kwalta, duk ɗan kwangila ne ke yin su, kuma hukuma ce ke zaɓen sa. In an dace da na kirki, mu ne da riba. In kuwa an ba ɗan cuwa-cuwa, to mu ne za mu kwana a hanya da shanu cike da mota saboda gada ta karye. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Ranar ginin aikin hukuma kuwa ita ce ranar da aka zauna aka ce wane ne zai yi shi.

Don mu fahimci abin sosai, za mu ɗauki birnin Sabha na ƙasar Libiya mu yi nazari a kansa, sa'an nan mu dawo gida. Dalilin zaɓen Sabha shi ne, a can doka ta tsara komai daki-daki, amma kuɗin aiki da ikon zaɓen mai yin sa suna can wani wuri mai nisa da mutanen gari.

INA NE SABHA?

Dattawanmu da suka yi fataucin raƙuma da tumaki ta hanyar Agadas ba sa bukatar a gaya musu. In ka bar Agadas ka bi ta Dirku da Madama, ka ƙetare iyaka a Tummo, ka wuce Gatrun, to babban birnin da za ka tarar shi ne Sabha, hedkwatar yankin Fazzan da ke kudu maso yammacin Libiya. Daga nan zuwa Turabulus, babban birnin ƙasar, tafiyar fiye da kilomita 700 ce a mota. A zamanin ayari Murzuk ce uwar garuruwan Fazzan, kuma ta nan da Gat ne tufafi da fatun Kano ke bi zuwa bakin bahar. Da Libiya ta sami 'yancin kai a 1951, Sabha ce hedkwatar lardin Fazzan, ɗaya daga larduna uku da suka haɗu suka yi tarayya. A 1963 aka rushe tarayyar, iko ya tattaru a tsakiya. A Sabha ɗin nan ne kuma Mu'ammar Gaddafi ya shelanta tsarinsa na Jamahiriyya ranar 2 ga Maris 1977, mulkin da ya zo ƙarshe a 2011.

ABIN DA DOKA TA CE

Bayan faɗuwar Gaddafi aka yi Doka mai lamba 59 ta shekarar 2012, wadda ta kafa ƙananan hukumomi. Su suna kiran ƙaramar hukuma baladiyya, shugabanta kuma amid, wato kamar ciyaman a wurinmu. Mutanen Sabha sun zaɓi majalisarsu a 2014, suka sake zaɓe a watan Afrilu 2019. Dokar ta ɗora wa baladiyya kula da kasuwanni da mahauta, da gina ƙananan hanyoyi da gadoji tare da gyaran su, da tsabtar gari, da ba da izinin gini. Kun ga ke nan, ayyukan da suka fi shafar mai dabba su ne ayyukan baladiyya.

Game da yadda za a ba da aikin kuwa, a 2007 gwamnatin Libiya ta fitar da ƙa'idojin kwangilar hukuma masu lamba 563, waɗanda aka daɗe ana aiki da su. Manyan hanyoyin da suka tanada su ne waɗannan:

1. Munaƙasa amma. Wannan ita ce gasa a buɗe. A yi shela, duk wanda ya cika sharaɗi ya kawo tayinsa. Ita ce uwa, sauran duk rangwame ne da ake yi in dalili ya kama.

2. Munaƙasa mahduda. A nan kamfanoni kaɗan ake gayyata daga cikin waɗanda aka san sun ƙware, saboda aikin ba na kowa ba ne.

3. Mumarasa. Kwamiti ya kira wasu 'yan kwangila a zauna a yi ciniki baki da baki har a daidaita.

4. Taklif mubashir. A kira kamfani ɗaya a danƙa masa aikin kai tsaye, ba gasa. An yi wannan ne domin gaggawa ta haƙiƙa, ko aikin da kamfani ɗaya kaɗai ya iya.

Ku lura da kalmar munaƙasa, tushenta ɗaya da naƙasa da muke faɗi a Hausa, wato ragewa. A kara mai saye ne ke tayawa, wanda tayinsa ya fi tsoka shi ke jan sa. A kwangila kuwa abin a juye yake. Hukuma ce mai saye, 'yan kwangila ke faɗin kuɗinsu, wanda ya fi sauƙi cikin waɗanda suka cancanta shi ke ɗauka.

Bugu da ƙari, akwai ofishin binciken kuɗin gwamnati da suke kira Diwanul Muhasaba. Dokar da ta sake tsara shi a 2013 ta ce duk kwangilar da ta haura dinari miliyan 5 sai ya duba ta tun kafin a sa hannu.

MATAKAI BAKWAI NA GASA A BUƊE

Matakan nan kusan iri ɗaya ne a Libiya da Nijeriya da Nijar. Inda muka kawo adadi, daga dokar Tarayyar Nijeriya ta ba da kwangila muka ɗauko shi, wadda marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa wa hannu a watan Yuni 2007.

Na ɗaya, a tabbata aikin yana cikin kasafin kuɗi, kuma kuɗin suna nan. Ba da aiki ba kuɗi a ƙasa shi ne mafarin gini ya tsaya a linta shekara da shekaru.

Na biyu, injiniya ya zana aikin, a fitar da takardar ƙididdiga: buhun siminti kaza, rodi mai kauri kaza, tifar yashi da tsakuwa kaza, zurfin harsashi kaza. Daga nan hukuma ta san ƙiyasinta. Ba da aiki babu wannan takarda cinikin biri a sama ne.

Na uku, a yi shela a jarida da allon sanarwa na ofis, a ba da wa'adi na makonni yadda kowa zai ji ya shirya. Shelar da aka liƙa yau aka ce jibi za a rufe, ai an riga an san mai ɗauka.

Na huɗu, kowane mai nema ya sa tayinsa a ambulan ya liƙe, ya jefa cikin akwati mai makulli. Tare da tayin akwai rajistar kamfani, da shaidar biyan haraji, da jerin ayyukan da ya taɓa yi, da kayan aiki da ma'aikatan da yake da su. A manyan ayyuka akan nemi banki ya tsaya masa kan wani ɗan kaso da bai wuce kashi 2 cikin ɗari na tayin ba, don kada ya ci gasa ya ce ya fasa.

Na biyar, ranar buɗewa. A buɗe akwati a bainar jama'a, a gaban masu nema ko wakilansu, a karanta sunan kowa da kuɗinsa da babbar murya, a rubuta. Dokar Nijeriya ta ce a gayyato 'yan kallo biyu masu mutunci, ɗaya daga ƙungiyar ƙwararru, ɗaya daga ƙungiya mai zaman kanta. Wannan shi ne matsayin shaidu a cinikinmu na kara.

Na shida, tantancewa. Kwamiti ya fara cire waɗanda takardunsu ba su cika ba, sa'an nan ya duba lissafin sauran. Wanda ya fi sauƙi cikin waɗanda suka tsallake shi ke da aiki.

Na bakwai, sa hannu da biya. Dokar 2007 ta ƙayyade kuɗin kafin alƙalami kada su wuce kashi 15 cikin ɗari, gyaran da aka yi a 2020 ya ɗaga su zuwa kashi 30, kuma sai banki ko kamfanin inshora ya tsaya wa ɗan kwangila za a ba shi. Har ila yau zai kawo lamunin kammala aiki na aƙalla kashi 10. Sauran kuɗi sai injiniya ya je ya gani da idonsa ya sa hannu. In an gama akan riƙe wani kaso na wasu watanni, ko gini zai nuna tsaga bayan damina.

MISALI DON ƘARIN HASKE

Mu ɗauka ƙaramar hukuma za ta kewaye kara, injiniya ya ƙiyasta naira miliyan 50. Kamfanoni huɗu suka shiga. Na farko ya ce miliyan 31, na biyu 46, na uku 48, na huɗu 62. Wanda bai sani ba zai ce a ba na farko, ai ya fi araha. To amma da aka duba, ba shi da shaidar haraji, bai taɓa gina ko shago ba, kuma kuɗin da ya sa ba su isa simintin da ke cikin ƙididdiga ba. Irin wannan ɗayan biyu zai yi: ko ya cika yashi ya rage siminti, ko ya karɓi kafin alƙalami ya dawo yana kukan a ƙara masa. Araha ba ta ado. Na huɗu ya yi tsada. Saura na biyu da na uku, dukansu sun cika sharaɗi, don haka na biyu ne ya ci. In an bi kashi 30, kafin alƙalaminsa ba zai wuce naira miliyan 13.8 ba, lamunin da zai kawo kuma ba zai gaza miliyan 4.6 ba. Kamar dai yadda falke ke buɗe bakin sa ya duba haƙora, ya sa a zaga da shi ya ga tafiyarsa, kafin a zo maganar kuɗi.

INDA GIZO KE SAƘA A SABHA

To, doka ta yi kyau a takarda. Me ya faru a ƙasa?

Abu na farko, kuɗi. Kusan duk abin da Libiya ke samu daga man fetur ne, kuɗin kuma Babban Bankin ƙasa da ke Turabulus suke shiga. Kasafin ƙasar babi huɗu ne: albashi, da gudanarwa, da ayyukan raya ƙasa, da tallafi. Babi na uku, wanda shi ne na gine-gine, ma'aikatu da manyan hukumomin tsakiya ne suka fi riƙe shi. Dokar 2012 ta yi tanadin larduna tsakanin baladiyya da gwamnatin tsakiya, amma aka yi shekaru ba a kafa su ba, miƙa iko ga baladiyya kuma ya yi ta jan ƙafa. Saboda haka amid na Sabha shi mutane ke gani, shi suke kai wa kuka in lambatu ya toshe ko kwalta ta fashe, alhali babban aikin ba shi ya ba da shi ba, bai kuma zaɓi mai yin sa ba. Wanda ke riƙe da jaka shi ke zaɓen ɗan kwangila, ko doka ta ce me.

Abu na biyu, ayyukan da suka tsaya. A 2008 aka ba wani babban kamfanin gwamnatin Sin mai gina hanyar jirgin ƙasa aikin shimfiɗa dogo na kimanin kilomita 800, daga gaɓar teku kusa da Misrata zuwa Sabha, don ɗauko tama daga Wadi Shati. Da yaƙi ya ɓarke a 2011 aikin ya tsaya, Sin ta kwashe mutanenta fiye da 35,000 daga Libiya, kamfanonin Turkiyya da na sauran ƙasashe su ma suka tafi suka bar gidaje da hanyoyi rabi da rabi. Daɗin daɗawa, a watan Janairu 2021 aka karya darajar dinari, farashin hukuma ya tashi daga kimanin dinari 1.4 zuwa 4.48 a kan dala ɗaya. Wato kwangilar dinari miliyan ɗaya, wadda a da take daidai da dala dubu 714, ta koma dala dubu 223. Ba wanda zai ƙarasa tsohon aiki a tsohon farashi, dole a sake ciniki, sake cinikin nan kuwa in ba a yi hattara ba a ɗaki ake yin sa.

Abu na uku, rabuwar ƙasa. Daga 2014 Libiya ta rabu, gwamnati a yamma, gwamnati a gabas. A watan Janairu 2019 dakarun Khalifa Haftar na ɓangaren gabas suka shiga Sabha. A farkon 2024 majalisar dokokin da ke gabas ta kafa Asusun Raya Libiya da Sake Gina Ta, aka naɗa Belgasim Haftar, ɗan Khalifa Haftar, ya shugabance shi. Dokar da ta kafa asusun ta cire kwangilolinsa daga ƙa'idojin ba da kwangila da kuma binciken Diwanul Muhasaba. A watan Yuni 2025 majalisar ta amince masa da dinari biliyan 69 na shekara uku. Gaskiya ɗaya ce, asusun ya yi ayyukan da ido ke gani a gabas da kudu, har da Sabha, kuma cikin sauri. Amma in an cire gasa an cire mai bincike, ta yaya talaka zai san ko hanyar da aka yi masa ta ci kuɗin hanya ɗaya ne ko na uku? Taklif mubashir da aka tanada don ranar gaggawa ya zama abincin yau da kullum.

Me ya rage wa mutanen Fazzan? Tun da ba su da ta cewa a teburin zaɓe, sai suka koma inda za a ji su. A watan Disamba 2018 masu zanga-zanga suka rufe rijiyoyin mai na Sharara da ke yamma da Sabha, wajejen Ubari, waɗanda ke fitar da kimanin ganga 300,000 a rana. Firayim Minista na lokacin, Fayiz al-Sarraj, ya je da kansa ya yi alkawarin dinari biliyan ɗaya don ayyukan kudu. A watan Janairu 2024 aka sake rufe Sharara na kusan mako uku, kukan dai shi ne man fetur da hanyoyi da aikin yi. A watan Satumba na shekarar kuma ruwan sama ya mamaye unguwannin Sabha, ya rusa gidaje, ya nuna wa kowa halin da magudanan ruwan birnin ke ciki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a nan mai ɗaki ba shi ke kiran magini ba.

ABIN DA YA FARU A DARNA

Kada a ɗauka maganar kuɗi ce kawai, har da rayuka. Mu bar Fazzan mu haura arewa maso gabashin Libiya, birnin Darna da ke bakin teku. Akwai madatsun ruwa biyu a saman birnin, waɗanda aka gina a shekarun 1970. Babban mai gabatar da ƙara na Libiya, Siddiƙ al-Sur, ya bayyana cewa tun 1998 aka ga tsaga a jikinsu. A 2007 aka ba wani kamfanin Turkiyya kwangilar gyara, aikin ya tsaya a 2011, ba a kuma koma an ƙarasa ba. Daren 10 ga Satumba 2023, wayewar 11, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, madatsun biyu suka ɓalle. Fiye da mutum 4,000 aka tabbatar sun rasu, dubbai kuma ba a gan su ba. A watan Yuli 2024 kotu ta ɗaure jami'ai 12, daga mai shekara 9 zuwa mai 27. Darasin a nan shi ne, zaɓen ɗan kwangila rabin aiki ne. Ɗaya rabin shi ne wanda zai bi sawu ya ce, ina aikin da aka ba ka?

DABARUN DA AKE KAUCE WA GASA

Waɗannan ba na ƙasa ɗaya ba ne, ko'ina ana yin su, kuma ya kamata mu san kamanninsu.

'Yan rakiya: mutum ɗaya ya yi rajistar kamfani uku, ɗaya da sunansa, ɗaya na ƙanensa, ɗaya na yaronsa, duk su shiga gasa. Mu 'yan kara mun san wannan, shi ne tayin ƙarya da ake haɗa baki a yi don a ruɗi baƙo.

Yanka aiki gunduwa-gunduwa: kowane jami'i yana da iyakar kuɗin da zai iya sa wa hannu shi kaɗai. Sai a raba hanya ɗaya gida biyar don kada ko ɗaya ya kai adadin da zai tilasta a yi shela.

Kamfanin jaka: ba ofis, ba tifa, ba injiniya, sai takardu a jaka. Ya ci kwangila ya sayar wa wani, wannan ma ya sayar. Kafin ta kai ga mai riƙe da cebur, rabin kuɗin ya tafi la'ada.

Ƙari bayan sa hannu: a ci gasa da ƙaramin kuɗi, bayan wata uku a ce an gano ƙarin aiki, a ninka.

Gaggawar ƙarya: a zauna tun kaka ba a yi komai ba, sai hadari ya haɗo a ce babu lokacin shela.

MU DAWO GIDA

In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a jadawali na huɗu, ya ɗora wa ƙananan hukumomi 774 kafa kasuwanni da mahauta da tashoshin mota da kula da su, tare da gina hanyoyi da magudanan ruwa na cikin gari. Amma shi dai tsarin mulkin, a sashe na 162, ya ce kason ƙananan hukumomi ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Ta nan ne ikon zaɓen ɗan kwangila ya koma babban birnin jiha. Mutanen Kano ba su manta da titunan kilomita biyar-biyar da aka fara a ƙananan hukumomi 44 tsakanin 2011 da 2015 ba. Daga birni aka ba da aikin, da yawansu suka tsaya shekaru. Ko ba ka je Sabha ba, ka san wannan ciwo.

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne kaɗai doka ta sani, ba kantomomi ba. Shekara guda bayan hukuncin ana ta ƙorafin ba a aiwatar da shi ba. A Nijar kuwa, a watan Afrilu 2024 gwamnatin soja ta rushe majalisun ƙananan hukumomi ta naɗa kantomomi, har da Maraɗi da Agadas.

Amma mu yi wa kanmu adalci. Ko kuɗin sun iso hannun ciyaman gaba ɗaya, in zai kira surukinsa ya ba shi aiki a ɗaki, ba a rabu da Bukar ba an haifi Habu. Abu uku ne sai sun haɗu: mai zaɓe ya kasance kusa, zaɓen ya zama a bainar jama'a, kuma a sami mai bincike wanda ba yaron mai zaɓen ba ne. Jihohi da dama sun yi nasu dokokin ba da kwangila, alal misali Kaduna a 2016 da Kano a 2021, suna bin sawun ta tarayya. Ita ta tarayyar hukuncinta ba wasa ba ne: jami'in da aka kama da laifin murɗiya ɗaurin aƙalla shekara 5 ne ba zaɓin tara, kamfani kuma a hana shi kwangila aƙalla shekara 5 tare da tarar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin aikin.

ME ZA MU YI?

Mu ne ke biyan kuɗin shiga kara a kan kowane sa, saboda haka tambaya haƙƙinmu ce. Duk lokacin da aka ce za a yi aiki a kasuwarku ko a hanyarta, shugabannin reshe su tafi wurin kansila ko sakataren ƙaramar hukuma, cikin ladabi, da takarda a hannu, su tambayi waɗannan:

1. Aikin yana cikin kasafin bana? Nawa aka ware?
2. Wace hukuma ce ta ba da shi, ƙaramar hukuma ko jiha ko tarayya?
3. An yi shela? Yaushe, kuma a ina?
4. Kamfani nawa suka nema, nawa kowa ya ce, don me aka zaɓi wanda aka zaɓa?
5. Ina wani aiki da kamfanin ya taɓa yi, mu je mu gani?
6. Nawa aka ba shi kafin alƙalami, wane banki ya tsaya masa?
7. Yaushe zai gama, wane injiniya ne zai sa hannu a biya shi?

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa irin wannan takarda. In an sa ranar buɗe akwati, ku tura mutum biyu masu karatu su zauna su rubuta abin da aka karanta. In aiki ya fara, ku nemi kwafin ƙididdiga, ku sa wani magini da kuka amince da shi ya riƙa leƙawa. Ɗan kwangilar kirki ba ya jin haushin wannan, hasali ma kariya ce gare shi, don shi ma yakan sha wuya kafin a biya shi haƙƙinsa. Sa'an nan mu kiyayi abu ɗaya: in ɗan ƙungiyarmu ne ya shiga neman aikin, tambayoyin nan bakwai ba su canja ba.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A TARON RESHE

1. Mene ne bambancin munaƙasa amma da taklif mubashir, kuma yaushe ne na biyun ya halatta?
2. A misalin katangar kara, don me ba a ba kamfanin da ya fi araha ba?
3. Wane aikin hukuma ne ya tsaya a kasuwarku, wa ya ba da shi, wa aka ba?

Sakatarorin rassa su aiko mana da amsar tambaya ta uku a rubuce, za mu tattara mu buga. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Allah Ya ba da kasuwa, Ya kai kowa gida lafiya, amin.